Shawara: Aikin Jami'a ko Shagon Zane, da Batun Binciken Haruffan Hausa

Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar Jos ce, shekarata 29, na yi digiri na farko da na biyu a fannin zayyanar masana'antu, ɓangaren zanen ɗab'i da talla. Bayan hidimar ƙasa na buɗe ɗan shago a cikin gari, inda nake tsara katin biki da tambarin kamfani da takardun da ake liƙa wa kayan sayarwa, kuma alhamdu lillahi yana rufa mini asiri. Yanzu wata jami'ar gwamnati ta ba ni takardar ɗaukar aiki a matakin mataimakiyar lakcara, amma albashin bai kai abin da shago ke kawo mini ba. Mahaifina yana so in karɓa, domin a ganinsa aikin jami'a ya fi zaman shago daraja. An kuma gaya mini cewa ba zan yi nisa ba sai da digiri na uku. Abin da ke raina in bincika shi ne haruffan Hausa: yadda ƙ da ɗ da ɓ suke ɓacewa ko su lalace duk lokacin da na zaɓi samfurin haruffa mai kyau a kwamfuta, da rubutun masu fenti a allunan shaguna, da kuma ajami. Da na faɗa wa wani babban malami a sashen, sai ya ce wannan ƙaramin abu ne, gara in koma kan ƙirƙirarriyar basira, domin can kuɗin bincike ya koma. Ni kuwa ban san komai a kanta ba sai abin da kowa ya sani. Shin in karɓi aikin? In na karɓa, in bi abin da ke raina, ko in bi maganarsa?

Wata 'yar'uwa, daga Jos.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Zan fara da gaya miki inda na tsaya kafin in kawo dalilai: ina ganin ki karɓi aikin, kuma ina ganin kada ki saki batun haruffan nan, sai dai kowanne daga cikin biyun yana da gyaran da za ki yi masa kafin ki sa ƙafa. Na haɗa su wuri ɗaya ne domin a wurin mutum irinki amsar tambaya ta biyu ita ke yanke hukuncin ta farko. Wanda ya shiga koyarwa a jami'a ba shi da wata tambaya da ke cin ransa, albashin da ake biya ba zai riƙe shi ba, kuma ko ya zauna, zaman haƙuri zai yi. Ke kuwa kina da tambayar, kuma a kan teburin aikinki kika ci karo da ita, inda kika ga ɓarnar da idonki.

Game da kuɗi lissafinki daidai ne, kuma ba zan yi miki daɗin baki ba. Albashin ƙaramin malami a jami'ar gwamnati bai taka kara ya karya ba, sannan ba kullum yake zuwa ba. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta yi yajin aiki na kimanin wata tara, a 2022 kuma ta sake yin wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, kuma an riƙe wa malamai albashin watannin. Saboda haka kafin ki kama aiki ki ware abin da zai ciyar da ke na wasu watanni, ki ajiye shi inda hannunki ba zai riƙa kai masa ba. Abin da jami'a ke bayarwa wanda shago ba ya bayarwa shi ne damar ki zauna a kan tambaya ɗaya shekara da shekaru a matsayin aikinki, da ɗalibai da za su ɗauki abin da kika gano su yaɗa, da kuma ƙofar asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, kuma manyan makarantun gwamnati kaɗai ke cin gajiyarsa. Asusun yana ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu da na uku, yana ba da tallafin ƙananan bincike ta hannun makarantar mutum, amma sai jami'arki ta miƙa sunanki, kuma za ki sa hannu a kan alkawarin dawowa ki yi mata aiki na wani lokaci.

Matakan aikin sanannu ne: daga mataimakin lakcara sai lakcara na biyu, sai na ɗaya, sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sannan farfesa, kuma a mafi yawan jami'o'i sai mutum ya shekara uku a kan mataki kafin a duba shi don ƙarin girma. Wanda ba shi da digiri na uku yakan kai lakcara na ɗaya ya tsaya, don haka wanda ya ce miki ba za ki yi nisa ba sai da shi, gaskiya ya faɗa miki.

Akwai wani abu da ba ki tambaya ba, wanda kuwa ya fi albashin buƙatar kulawa, wato matsayin shagonki idan kin zama ma'aikaciya. Jadawali na biyar na Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci ko sana'a ta kansa, in ban da noma, kuma ma'aikatan jami'o'in gwamnati suna cikin waɗanda hanin ya shafa. Na san mutane da yawa suna yi a ɓoye, amma ba zan ba ki shawarar ki fara aiki da abin da wani zai iya ɗaga miki ranar da ya ga dama ba. Kada kuma ki rufe shagon, domin daga nan tambayarki ta fito. Ki nemi lauya ya duba miki yadda za a miƙa gudanarwar ga wani amintacce, ƙaninki ko wanda kika koya wa aiki, sannan ki tambayi ofishin magatakardan jami'a, a rubuce, abin da ƙa'idarsu ta ce game da aikin ƙwarewa da malami ke yi wa mutanen waje, tunda jami'o'i da yawa suna da sashen da ake bi ta cikinsa a yi irin wannan aiki a fili.

Mahaifinki kuwa alheri yake nufin ki da shi, kuma tunda shawarata ta zo daidai da burinsa, abin da ya rage shi ne ki zauna da shi ki nuna masa lissafin a takarda, domin ya san cewa hannunki zai ɗan ragu a shekarun farko, kada ya ga canji ya ɗauka rowa ce ko sakaci.

Yanzu ga batun da ya fi tsaya mini a rai. Babban malamin nan ya faɗi gaskiya a wuri biyu, ya kuskure a wuri ɗaya. Gaskiya ne masu ba da tallafi suna bin abin da ake yayi. Gaskiya ne kuma, ko da bai faɗa da wannan lafazi ba, abin da kika kai masa bai zama batun bincike ba tukuna, domin kin haɗa haruffan kwamfuta da rubutun masu fenti da ajami a ƙunshi ɗaya, alhali kowannensu zai iya cinye rayuwar mutum. Inda ya kuskure shi ne da ya kira abin ƙarami. Miliyoyin mutane a Nijeriya da Nijar da maƙwabtansu suna karanta Hausa, kuma haruffan nan masu ƙugiya suna cikin kalmomin da ake amfani da su kowace rana. Sun shigo rubutun boko ne a shekarun 1930, kafin nan akan sa wa harafin ɗigo a ƙasa. A zamanin tafireta, masu buga takarda sukan bi ta da biro suna ƙara ƙugiyar da hannu. A shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa guda da zai wadaci harsunan Nijeriya, har shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a aikin zana su. Yau Unicode, tsarin da kwamfutoci ke bi wajen gane haruffa, ya ba kowanne daga cikinsu lambarsa, kuma samfura irin su Noto na kamfanin Google da Andika na ƙungiyar SIL suna ɗauke da su. Amma samun lamba daban, samun kyakkyawar siffa daban, kuma mafi yawan waɗanda suka zana haruffan nan a kwamfuta ba da Hausa suka koyi karatu ba.

Kin fi ni sanin yadda abin ke faruwa. Mai sayar da yaji ko man gyaɗa ya zo yana son takardar da zai liƙa wa robarsa, kin buɗe manhajar zane ta CorelDRAW kin zaɓi haruffa masu kauri da za a hango daga nesa, kin rubuta sunan kayan, sai wurin ɗ ya fito da ɗan akwati babu komai a ciki, ko kuma kwamfuta ta aro harafin daga wani samfuri, ya tsaya siriri a tsakanin masu kauri kamar wanda ya shiga sahu da rigar aro. Daga nan ɗayan uku ake yi: a jefar da ƙugiyar, ko a manna wa harafin alamar ɗauri a gefe, ko mai haƙuri irinki ta ja layi ta ƙera ƙugiyar da hannu. Ko an ƙera ta, idan aka buga a kan leda da ƙananan haruffa tawada takan malala ta cike lanƙwasar, sai ɓ ya koma b mai kumburin kai. Manyan baƙaƙen ma da tasu matsalar, domin ƙugiyar Ɓ da Ɗ tana fitowa ta hagu ne, ta buɗe wani gibi tsakaninta da harafin da ke gabanta, wanda sai an gyara tazarar da ido. Duk wannan ilimi ne, yana hannunki da hannun masu sana'a irinki, kuma aikin jami'a shi ne a auna shi, a rubuta shi yadda wani zai iya gwadawa ya tabbatar ko ya ƙaryata.

A 1993 Christopher Frayling na Kwalejin Fasaha ta Sarauta da ke Landan ya rubuta wata maƙala da har yau ake komawa gare ta, inda ya bambanta binciken da ake yi a kan zane, kamar tarihinsa da ma'anarsa, da wanda ake yi ta hanyar zane, inda mai binciken ke ƙera abu yana gwada shi, da wanda ake yi don a samar da abin kawai. Kwamitocin digiri na uku sukan yi ɗari-ɗari da na ƙarshen, domin kyakkyawan aiki shi kaɗai ba hujja ba ne. Na tsakiyar shi ne naki. Da ni ne ke, ga yadda zan tsuke tambayar: wace siffar ƙugiya ce mai karatun Hausa ya fi saurin ganewa ba tare da ya rikita ta da k da d da b ba, idan haruffan sun ƙanƙance, a kan takarda da leda da fuskar waya? Wannan tambaya ce mai iyaka, tana da amsa, kuma ba wanda zai amsa ta yana zaune a ofis.

Aikin zai buƙaci ki zana samfurin haruffa ɗaya, ki yi masa ƙugiya iri uku ko huɗu, mai gajeren lanƙwasa da mai dogo da mai buɗaɗɗen baki, sauran komai kuma ki bar shi daidai, domin duk bambancin da aka gani a san daga ƙugiyar ya zo. Sai ki buga jimloli iri ɗaya a girma daban-daban, ki kai wa 'yan firamare da ke koyon Hausa, da manya 'yan ajin yaƙi da jahilci, da tsofaffin da ganinsu ya fara raguwa, ki auna lokacin da kowa ya ɗauka da wuraren da ya yi tuntuɓe. Ina so ki sa manoman lambu a ciki, irin masu kawo kaya kasuwar Farin Gada, ki gwada musu bayanin da ake rubutawa a jikin maganin feshi, domin a nan kuskuren karatu yakan taɓa lafiyar mutum da amfanin gonarsa. Za ki buƙaci izinin hukumar makaranta da na iyaye da na kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a, kuma ki nemi masanin ƙididdiga tun kafin ki fara, shi zai gaya miki mutum nawa za su isa. Ɗalibai da yawa sai sun gama tattara bayanai suke neman sa, lokacin da gyara ya riga ya wuce.

Masu fenti kuma su zama babin da zai ba zanenki tushe. Ki ɗauki kyamara ki bi daga Terminus ta titin Ahmadu Bello, ki shiga Dilimi da Gangare, ki fita titin Bauchi, ki ɗauki hoton duk allon da aka rubuta da Hausa da buroshi, ki rubuta wurin da ranar, da sunan mai rubutun idan ya yarda. Wannan ba ya jira, domin allon talla na roba da ake bugawa da inji yana korar allon fenti, kuma tsofaffin gwanayen suna barin sana'ar. Ki zauna da su ki ga yadda suke karkata buroshi idan sun zo kan ƙ, domin sun daɗe da warware da hannu abin da kwamfuta ta kasa. Idan kina son ganin yadda ake mayar da sana'ar hannu ilimin da ke zama a rubuce, ba sai kin yi nisa ba. A harabar Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, akwai gidan adana gine-ginen gargajiya, inda aka sake gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon Masallacin Juma'a na Zariya. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, da mataimakansa 'yan Nijeriya sun shafe shekaru suna auna gine-ginen ƙasa suna zana su dalla-dalla. Irin wannan awon nake so ki yi wa harafi: tsawonsa, kaurinsa, inda ya fara lanƙwasa da inda ya ƙare.

Ajami kuwa shawarata ki ɗage shi, ba don ya rasa daraja ba, sai don girmansa. Rubutun allo na ƙasar Hausa yana da ƙa'idojinsa: fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗaya a sama, a rubutun Alƙur'ani na hannu wasali ja ne, hamza ruwan ɗorawa, kuma kaurin layin daga yadda aka fere alƙalamin kara yake fitowa. Wanda bai zauna gaban alaramma ya riƙe wannan alƙalami ba, zai zana abin da ya yi kama da ajami amma masu shi ba za su karɓa ba. An riga an fara aikin, domin SIL ta fitar da samfurin Alkalami bisa salon rubutun Kano, da Harmattan don rubutun Afirka ta Yamma, kuma Gidan Tarihi na Jos yana da tarin tsofaffin rubuce-rubucen hannu da za ki iya neman izinin gani. Ki fara koyo a hankali a gefe, ki ajiye shi ya zama aikinki na bayan digiri, tunda malamin jami'a yana buƙatar fagen da zai ci gaba da nomawa bayan kundinsa.

Batun ƙirƙirarriyar basira bai kamata ya zama gaba tsakaninki da babban malamin ba. Digiri na uku yana cin aƙalla shekara uku, sau da yawa fiye da haka, kuma wanda ya zaɓi batu don yayi kawai yakan iske yayin ya sauya kafin ya gama, ga shi yana gogayya da masana kwamfuta a fagen da suka fi shi sani. Amma akwai inda aikinki ya haɗu da nasa ra'ayin da gaske. Manhajojin da ke karanta hoton takarda su mayar da shi rubutu suna yawan kuskure a kan haruffa masu ƙugiya, kuma tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ba za a iya bincika su a kwamfuta yadda ya kamata ba sai na'ura ta iya bambanta ɗ da d. Kina iya ƙara gwaji ɗaya: siffar da ta fi sauƙi ga idon mutum, ita ce ta fi sauƙi ga na'ura? Ki koma wurinsa da ladabi, da shafi biyu a rubuce da samfuran da kika buga a hannu, ki ce kin yi tunani a kan maganarsa ga abin da ta haifar. Mai yiwuwa ne ya zauna a kwamitin da zai duba ki wata rana, kuma wanda aka nemi shawararsa tun farko ya fi saurin tsaya wa aiki.

Idan ya ƙara cewa abin gida ba ya kai mutum ko'ina, tarihin fanninku ya amsa masa. A 1958 wasu ɗalibai a Zariya, cikinsu da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da ta dage sai an haɗa abin da aka koya daga Turai da fasahar gida, kuma Okeke ya ɗauki zanen uli na matan Ibo ya gina makarantar fasaha sukutum a kansa a Jami'ar Nsukka.

Wanda zai duba miki aiki ya fi sunan jami'ar muhimmanci. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen zayyanar masana'antu da ya daɗe, akwai irinsa a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauci da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure. Kafin ki nemi kowa ki karanta abin da ya wallafa a 'yan shekarun nan, ki kuma tambayi ɗalibansa a asirce ko yana karanta babi ya dawo da shi a kan lokaci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka ki roƙa a haɗa miki da mai dubawa na biyu daga sashen Hausa ko kimiyyar harshe, wanda ya san ƙa'idojin rubutu, kuma cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero wuri ne da ya kamata ki san mutanensa. Idan da hali ki yi digirin a jami'ar da ba a cikinta kike koyarwa ba, domin wuya ne mutum ya yi jayayyar ilimi da wanda gobe zai sa hannu a takardar ƙarin girmansa. Zanen haruffa kansa sana'a ce mai zurfi da ba a cika koyar da ita a nan ba. Jami'ar Reading a Ingila ta shahara a kanta, kuma abin da malamanta da ɗalibanta suka rubuta yana da amfani a gare ki ko ba ki taka can ba.

Ranar da kika kama aiki ki nemi littafin ƙa'idojin ɗaukar aiki da ƙarin girma na jami'ar, ki karanta shi da kanki, kada ki dogara da abin da ake faɗa a ɗakin malamai. Ki duba maki nawa ake ba maƙala, da ko ana lissafa baje kolin ayyuka da zanen da aka ƙera, domin jami'o'i da dama suna lissafa wa malaman fasaha irin waɗannan idan akwai shaida a rubuce, wato kundin baje kolin da hotuna da rahoton wanda ya tantance. Ki guji mujallun da ke aiko da saƙo suna alkawarin buga maƙala cikin mako biyu idan an biya, domin idan kin kai matakin da ake tura ayyukanki ga masu tantancewa na waje, su ne za su zame miki abin kunya. Ki riƙa karanta mujallu irin su Visible Language, wadda tun 1967 take kan binciken rubutu da haruffa, da Design Issues da Design Studies, ki ga yadda ake gina hujja, ki kuma duba mujallun gida a AJOL, rumbun intanet da ke tattara mujallun ilimi na Afirka. Ina roƙonki ki rubuta wani abu daga sakamakon da Hausa, domin masu shagunan ɗab'i da malaman firamare su ne za su yi aiki da shi. Ki kuma tambayi abin da jami'ar ta tanada game da mallakar abin da malami ya ƙirƙira tun kafin ki gama samfurin, domin idan kina son ki sake shi kyauta a ƙarƙashin lasisin da ke ba kowa damar amfani da shi, gara a san haka tun farko.

Sabon malami shi ake jibga wa haɗa sakamakon jarrabawa da rajistar ɗalibai da rubuta bayanin taro, kuma na ga masu hannu da kyau da wannan ya cinye su, har suka wayi gari suna koyar da zanen da su kansu sun daina yi. Ba za ki iya ƙin aikin ba, amma kina iya keɓe yini ɗaya a mako da ba ya taɓuwa, ki kuma sa ɗalibanki cikin aikin, ki ba su hoton alluna da zanen haruffa a matsayin aikin aji, tare da ambaton sunan duk wanda kika yi amfani da nasa.

Akwai hali biyu da za su sa in janye shawarar karɓa. Na farko, idan kin karanta takardar da kyau kika ga aikin na wucin gadi ne ko na kwantiragi, wanda ba ya kai wa ga tabbatarwa, domin irin wannan ba ya buɗe ƙofar hutun karatu ko tallafin TETFund. Na biyu, idan akwai waɗanda cinsu da karatunsu ya rataya a kan shagon, kuma babu wanda za ki miƙa wa shi ba tare da ya durƙushe ba. A ɗayan waɗannan, ki zauna a shagonki ki nemi digiri na uku na ɗan lokaci-lokaci da kuɗinki, a kan wannan tambayar dai, tunda mai digiri na uku a matakin lakcara na biyu ake ɗaukarsa idan ya shigo daga baya. Takardar ɗaukar aiki takan zo da wa'adin amsawa, saboda haka ki duba ranar yau ɗin nan, idan kuma lokacin ba zai ishe ki ganin lauya da jin amsar ofishin magatakarda ba, ki rubuta musu ki nemi ƙarin mako biyu, ki ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.